Zakara Mai Lamba Hamsin da Bakwai

Shekara talatin da uku Toshie Kuramoto ta yi tana haɗa kayan kiɗan da ta tsani ƙararsu. A wurinta kiɗan jitar lantarki da kukan injin yankan ƙarfe uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, sai dai shi injin in ya gama ihunsa yakan fitar da ƙusa. Ta san abin da take faɗi, don a unguwar Fuse aka haife ta, a gabashin Osaka ta ƙasar Japan, a saman shagon da ubanta ke yanka noti. Tana da shekara goma sha shida ta shiga masana'antar rediyo, aka damƙa mata ƙarfen liƙi da zaren dalma, kuma tun daga ranar ba ta ajiye su ba. Ta yi aure, ta haifi mace ɗaya, ta binne miji direban tasi, duk tana warin dalma. Rigarta mai zanen damisa, aljihunta cike da alewa, bakinta kuwa ba ya hutu.

Maigidanta a wurin aiki shi ne Shigeru Hamaguchi. Ranar da ta fara ganinsa, saurayi ne mai gashi har kafaɗa, wanda ya yi shekara takwas yana kaɗa jita bai tara ko mutum ashirin a ɗaki ɗaya ba. Da ya gane duniya ba ta son kiɗansa, sai ya koma ƙera wa masu kiɗan ɗan akwatin ƙarfe, bai fi tafin hannu ba, wanda mai jita ke ajiyewa a ƙasa ya taka da ƙafa, nan take muryar jitar ta dishe ta koma ihu. Ya sa masa suna Jan Zakara. Shi ya zana, amma liƙinsa kamar kashin kaji, don haka ya ɗauko Toshie. Ita ce ta fara kiransa Shige tun yana da gashi, kuma da gashin ya zube ya zama mai kamfani da mutum tara a ƙarƙashinsa, ba ta ga dalilin canzawa ba. Shi kuma Yaya yake ce mata, don gara haka da ya ce wani abu ya jawo wa kansa.

Tsarin aikinta ɗaya ne. In ta gama liƙa cikin akwati, sai ta jona shi da wata tsohuwar jita da ke rataye a gefen teburinta, ta daki tsirkiya ɗaya da babban yatsa, ta taka. In Zakara ya yi cara, ta yamutsa fuska, ta ɗauko hatiminta ta dangwala a jan tawada, ta buga a takardar gwaji daidai lambar akwatin. Dubban akwatuna sun fita daga hannunta, ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba. Wannan ne kaɗai abin da take taƙama da shi a duniya, kuma ba ta ɓoyewa. Ko a wurin wanka na unguwa sai ta gaya wa matan da ba su tambaye ta ba.

Da kamfani ya cika shekara talatin, Shige ya zo mata da wata dabara. Za a yi Zakaran Zinariya, guda ɗari tak, kowanne da lambarsa, a cikin akwatin katako mai laushi, a manne bakinsa da takardar zinariya. Jan Zakara yen dubu goma sha takwas ne. Wannan dubu sittin.

"Me ke cikinsa?" in ji Toshie.

"Abin da ke cikin ja."

"To me mutum ya saya da sauran dubu arba'in da biyun?"

"Fenti, Yaya. Da kuma sanin cewa maƙwabcinsa ba shi da shi."

"Allah ya shirye ka, Shige. Da ka yi gashi ka fi hankali."

Mutum dubu huɗu suka sa suna, aka yi ƙuri'a, ɗari suka ci. Kafin mako ya zagayo, an fara ganin Zakaran Zinariya a gwanjon intanet a kan dubu ɗari biyu. Nan fa ciwon Shige ya fara. Kullum da safe, kafin ya sha shayi, sai ya buɗe waya ya duba farashin, ya riƙe ciki, ya ce, "Dubu ɗari biyu da hamsin, Yaya! Ni na ƙera, wani ƙato da bai san inda ake jona waya ba yana zaune a ɗakinsa ya ci ribar da ta ninka tawa sau huɗu!" Don haushi ya fitar da Zakaran Azurfa guda ɗari uku. Ya bi da na bazara mai ruwan hoda guda ɗari biyar, da na kaka, da wani shuɗi da shi kansa ya kasa faɗin dalilinsa. Masu kiɗa na gaskiya suka daina sayen jan, kowa na jiran fentin gaba. 'Yan sari kuma suka gane wanda ke fitar da abin da ba za a sake yi ba duk wata huɗu ba abin yarda ba ne, suka watsar da shi. Masu ruwan hoda suka cika ɗakin ajiya har bakin banɗaki. Na zinariyan nan dai na farko shi kaɗai ya ci gaba da hawa, kuma ko sisi ba ya shigowa Fuse.

Duk wannan bai dami Toshie ba. Abin da ya hana ta sakat daban ne.

Ranar da ake haɗa na zinariyan, wani mai ɗaukar hoto ya zo daga mujallar kiɗa. Shige yana da shekara hamsin da bakwai a lokacin, sai ya ga ya dace a ɗauke shi da lamba hamsin da bakwai. Toshie ta fita cin abincin rana, shi kuma ya zo teburinta ya sure akwatin, ya ɗaure murfin da kansa, ya washe baki aka ɗauka, ya miƙa wa masu mannewa. Da yamma tana share tire, sai ga taransisto ɗaya kwance a kusurwa, ɗan abu kamar ƙwayar wake mai ƙafa uku. Ɗari aka ba ta, ɗari ya kamata su ƙare. Ta jawo takardar gwaji ta bi jan hatiminta da yatsa, layi bayan layi. Gurbin hamsin da bakwai fari fat. Kafin nan motar kaya ta yi awa biyu da tafiya.

In babu wannan ƙwayar, Zakara ba ya ko tari. Ta wanke Shige tas a gaban ma'aikata, ya yi tsamo-tsamo, ya ce ta kwantar da hankalinta, gobe-goben nan mai shi zai bugo waya yana zagi, a karɓo a gyara, a haɗa masa da ban haƙuri. Toshie ta naɗe ƙwayar a takardar alewa, ta ninke takardar gwajin, ta sa su a jakar kuɗinta, ta zauna jiran zagi.

Ba a bugo ba. Wata ya wuce, shekara ta wuce, shiru. Ta yi marmarin zagin nan kamar ruwan sanyi. Sai a wayar Shige ta gane dalili: in aka yaga takardar zinariyar, farashi ya faɗi rabi, don haka babu mahalukin da ya yaga ta wannan akwatin. Lamba hamsin da bakwai ya tafi Nagoya a dubu ɗari biyu da ashirin, ya wuce Sendai a ɗari uku, ya shiga Tokyo a ɗari huɗu da hamsin, kowane mai sayarwa yana rubuta cewa muryarsa ta fi ta ja zaƙi nesa ba kusa ba.

"Muryar uban wa?" in ji Toshie. "Bebe ne! Shige, ka buga sanarwa a dawo da shi."

"Yaya, ki rufa mini asiri. In na ce ɗaya ba ya aiki, sauran casa'in da tara za su ce nasu fa? Kowa ya buɗe, farashi ya rushe, su taru su cinye ni ɗanye."

"Au, su ma ba a buɗe ba?"

Ya sosa sanƙonsa. A iya saninsa, uku aka buɗe.

Wannan magana ta zauna mata a ƙirji. Wata guda ta yi tana liƙa akwatunan nan, har wuyanta ya ƙage, ashe da duwatsu ta zuba a ciki da babu wanda zai sani. Amma ita ta sani, kuma gurbin nan fari yana cikin jakarta, tana ganinsa duk lokacin da ta buɗe za ta sayi kifi.

A shekara ta uku hannunta na dama ya fara rawa. Da farko sai da yamma, daga baya har da safe. Ta koma jingina gwiwar hannu a tebur, ta koma riƙe numfashi, ta koma tura ƙananan liƙi wurin wasu tana cewa tana koya musu ne. Ba wanda ya ce mata uffan, don kowa na son kansa. Da kanta ta ce wa Shige ƙarshen Maris za ta ajiye aiki. Ya buɗe baki zai yi jawabi, ta cusa masa alewa.

Saura kwana tara sai ga wasiƙa a takarda mai kauri. Wani Likita Ukita ne, likitan haƙori a Ashiya, garin masu kuɗi, yana sanar da kamfani cewa ya yi sa'ar mallakar Zakaran Zinariya mai lamba hamsin da bakwai a kan yen dubu ɗari shida, yana roƙon a ba shi takardar shaida cewa na asali ne. Shige ya ɓoye wasiƙar a ƙarƙashin tabarmar teburinsa, wato wuri na farko da Toshie ke dubawa tun shekara talatin da uku.

Ranar Lahadi da hantsi ta sa rigar damisarta wadda ta fi kowacce ihu, ta sayi kwalin kayan zaƙi na ban haƙuri, ta zuba ƙarfen liƙi da zaren dalma da sukudireba da waya da 'yar lasifika a jakar cefane mai taya, ta hau jirgin ƙasa. A Ashiya ko karnuka ba sa haushi da ƙarfi. Ta ja jakarta ƙiiii har saman tudu, tana gaida duk wanda ya kalle ta.

Likita Ukita mutum ne siriri mai furfura a gefe, mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum akwai mara lafiya a kusa. Da ya ji daga kamfanin Hamaguchi take, ya kusa ɗaukarta ya shigar da ita. Ya kai ta wani ɗaki mai sanyi, jita goma sha ɗaya a bango, ko ƙura babu, ko alamar yatsa babu. A tsakiya, cikin kabad na gilashi, ga akwatin katakon da takardarsa ta zinariya.

Ta ajiye kwalin kayan zaƙi, ta durƙusa, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tabarma, ta faɗi komai: hoton, da tiren, da ƙwayar, da shekara ukun. Ta warware takardar alewa ta nuna masa. "Laifin kamfaninmu ne, Likita, kuma a teburina aka yi shi. Ka ba ni minti goma in gyara."

Ya ƙura wa ƙwayar ido. Ta ɗauka zagin da ta yi shekara uku tana jira ne ya iso, har ta gyara zama. Sai ta ga fuskarsa tana buɗewa.

"Iya, kina nufin a cikin ɗarin nan, nawa ne kaɗai ba ya aiki?"

"Shi kaɗai."

"A duk duniya?"

"To a lahira ban sani ba."

"Iya!" Ya tafa hannu, muryar asibitin ta gudu. "Kin san abin da kika kawo mini? Ɗaya cikin ɗari ya zama ɗaya tilo! Wannan ai sai miliyan biyu! Don Allah ki rubuta abin da kika faɗa yanzu, ki buga hatiminki. Ƙwayar ma ki sayar mini, da takardar alewar, a yi musu gilashinsu a gefe."

Toshie ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, in ka cike wa mutum haƙori, ka dawo ka tarar ka manta auduga a ciki, sai ka ce masa ya yi murna, bakinsa ya zama ɗaya tilo a Ashiya?"

"Ai wannan daban. Da haƙori ake cin abinci."

"Da wannan kuma me ake yi?"

Ya ce ajiyewa ake yi.

"To," in ji ta, ta sassauta murya kamar ta haƙura. "Tunda ni na haɗa shi, bari in riƙe shi sau ɗaya, in yi masa sallama."

Wannan ya taɓa zuciyar Likita. Ya buɗe kabad, ya ba ta farar safar hannu, ya ɗora mata akwatin a tafi kamar jariri. Toshie ta cire safar dama da haƙori, ta kafa farcen babban yatsa, wanda ya yi shekara hamsin yana ɓare waya, ta ja shi a bakin akwatin. Kyat! Ƙarar ba ta fi ta yage ambulan ba, amma Likita ya zauna daɓas a ƙasa.

"Kin kashe ni," ya ce da ƙyar.

"Ba ka mutu ba. Ina soket?"

Da yatsa ya nuna mata. Ta shimfiɗa jarida a kan teburinsa mai tsada, ta kwance noti huɗu, ta ɗaga murfin. Ga aikinta nan na shekara uku da suka wuce, kowane ɗigon dalma yana ƙyalli, sumul, ba wanda ya fi wani. Ita kanta sai da ta tsaya ta kalla. A tsakiya ga ƙananan ramuka uku suna jira.

Ƙarfe ya yi zafi. Ta ɗauki ƙwayar za ta zura ƙafafunta, hannun ya ce bai san zancen ba. Ƙafa ɗaya ta shiga, biyu suka kauce. Ta jingina gwiwar hannu, ta riƙe numfashi, da ƙyar suka shiga. Ta ɗauki ƙarfen, bakinsa yana rawa a iska, ya doshi ramin ya wuce, ya dawo ya wuce. Ta riƙe wuyan hannun da na hagu, to wa zai riƙe dalmar? Ta sake gwadawa, ƙarfen ya goga gefen wata waya, ɗan hayaƙi ya tashi. Ta janye da sauri.

Toshie ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya. Ta hau jirgi, ta hau tudu, ta yaga wa bawan Allah miliyan biyu a gaban idonsa, ga ramuka uku sun gagare ta. Idonta ya cika, kuma wannan karon ba ta da abin faɗi.

Likita Ukita ya daɗe da daina kallon takardar zinariyarsa. Hannunta yake kallo, kallon wanda shi ma da hannu yake ci. Ya tashi, ya fita, ya dawo sanye da tabaran aikinsa mai ƙara girman abu. Ya durƙusa kusa da ita.

"Kawo, Iya."

"Ka taɓa liƙi?"

"Shekara talatin ina aiki a ramin da ya fi wannan ƙanƙanta, mai ramin kuma yana cizo."

Ta miƙa masa. Hannunsa ko gezau. Da ta ga haka sai bakinta ya dawo.

"Ba dalmar za ka ɗumama ba, ƙafar! Wa ya ce ka zuba kamar miya? Kaɗan. Ƙirga biyu. Ɗaga! Kai, ɗaga mana, so kake ka gasa shi? Yauwa. Saura biyu, kuma kar ka yi mini numfashi a kai."

Ya yi na biyu, ya yi na uku, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ta karɓi tabaran ta duba. Ta so ta sami aibu, ta juya allon ta kowane gefe, ba ta samu ba.

"Ba laifi," ta ce.

Ta sa ya sauko da jita ɗaya daga bango. Ya ce wannan tun da ya saya ba a taɓa jona ta ba, ta ce yau ta shiga uku. Ta haɗa waya da 'yar lasifikarta, ta ajiye Zakaran Zinariya a ƙasa, ta daki tsirkiya ɗaya da babban yatsa, ta taka da safar ƙafarta.

Ihun da ya fito sai da gilashin kabad ya amsa. Wani kare a maƙwabta ya manta tarbiyyarsa ya kama haushi. Likita ya toshe kunne, ya buɗe, ya fashe da dariya kamar yaro, ya ce a bar shi shi ma ya taka. Toshie ta yamutsa fuska kamar yadda ta saba, hawaye na bin kumatunta.

"Mummuna," ta ce. "Haka ya kamata ya yi."

Ta ciro takardar gwajin daga jakar kuɗi, ta warware ta a hankali don ninkin ya kusa cinye ta. Ta fito da hatiminta da jan tawada, ta dangwala, ta kai shi saman farin gurbin. Nan ta tsaya. Ta daɗe a haka, hatimin yana rawa a hannunta. Sai ta goge shi da gefen jarida ta mai da shi kubensa.

"Likita, ɗauko naka."

"Nawa? Ai aikinki ne, Iya."

"Wanda ya liƙa shi ke bugawa. Ban taɓa buga hatimi a kan liƙin wani ba, ba kuma zan fara da na ƙarshe ba."

Ya ɗauko, ya buga. Casa'in da tara Kuramoto, ɗaya Ukita. Ta hura tawadar ta bushe, ta ninke takardar, ta tattara waya da lasifika da sukudireba, ta ajiye masa alewa ɗaya a kan murfin akwatin katakon.

Ta kai rabin gangaren tudu tana jan jakarta sai ta ji ana kira. Likita ne a guje da silifas, yana ɗaga ƙarfen liƙin, igiyarsa na reto.

"Iya! Iya, kin manta ƙarfenki!"

Toshie ba ta juyo ba. Ta ɗaga hannun nan mai rawa sama, ta kaɗa masa.

"Ban manta ba," ta ce.